Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Kifi da Namun Daji ta Hanyar Kamu, Shaida da Sake Kamu

Ba a iya jera kifin tafki a ƙirga, haka ma ɓerayen gona ko fakarun da ke cikin sabara. Amma jami'in kiwon kifi yana bukatar sanin ko su ya yi wa ruwa yawa, malamin gona yana son sanin ko maganin ɓeran da aka zuba ya yi aiki, ɗaliban nazarin halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma kuma suna neman aikin kammala karatu mai lissafin da zai tsaya da ƙafarsa. Dabarar da ake bi ta tsufa. Wani masanin kifi ɗan ƙasar Denmak, Johannes Petersen, ya wallafa aikinsa na sa wa kifin teku shaida a 1896, sannan Frederick Lincoln ya yi amfani da wannan lissafi a 1930 wajen ƙiyasta agwagin daji a Amurka ta hanyar zoben ƙafa. Shi ya sa ake kiran ta da sunayensu biyu.

Tushen abin shi ne: a kama wasu, a yi musu shaida, a sake su su gauraya da 'yan'uwansu, bayan 'yan kwanaki a sake kamu. Idan ɗaya cikin shida na kamun biyu yana da shaida, to waɗanda aka yi wa shaida tun farko su ne ɗaya cikin shida na duk abin da ke wurin.

Kafin a taɓa dabba ko ɗaya, a gwada da wake. A zuba tiya guda a roba, a ɗebi ƙwaya 100 a shafa musu tawada, a mayar, a juya sosai, a rufe ido a ɗebi cikin kofi, a ƙirga duka da masu tawada. A yi sau biyar, za a ga amsoshi biyar sun sha bamban. Sannan a sake yi ba tare da an juya ba, a ga yadda amsar ke lalacewa gaba ɗaya. Duk matsalar aikin fili tana cikin wannan gwaji na biyu.

Lissafin kamu biyu

Littattafai suna amfani da haruffa huɗu. M shi ne adadin da aka yi wa shaida aka saki, C shi ne duk abin da aka kama a karo na biyu, R shi ne masu shaida a cikin kamun na biyu, N kuwa shi ne yawan da ake nema. N = M × C ÷ R.

A ce a wani tafki an yi wa karfasa 120 shaida. Bayan kwana biyar aka kama 150, aka tarar 24 na da shaida. 120 sau 150 ya ba da 18,000, a raba da 24, an sami 750.

Wannan lissafi yana ɗan zarce gaskiya idan R ba shi da yawa, don haka aka fi amfani da gyaran da Chapman ya kawo a 1951: a ƙara 1 a kan kowace lamba, a yi lissafin, a cire 1 a ƙarshe. Wato 121 × 151 ÷ 25, sannan a ɗebe 1, ya zama 730. Wannan ne ya kamata ya shiga rahoto.

Lamba guda ba ta isa ba sai an faɗi iyakar kuskurenta. A ninka (M+1) × (C+1) × (M−R) × (C−R), a raba da (R+1) × (R+1) × (R+2). A misalinmu 121 × 151 × 96 × 126 ne a sama, 25 × 25 × 26 a ƙasa, sakamako kusan 13,600. A danna masa alamar √ a kalkuleta, ya ba da kusan 117. A ninka da 1.96, ya zama 229. Ke nan abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne karfasan tafkin suna tsakanin 500 da 960, kuma 730 ne ya fi kusa. Wanda ya rubuta 730 kawai ya yi shiru ya ɓoye wa mai karatu rabin labarin.

R shi ne jigo. Da masu shaida 3 aka samu a wannan kamu, amsar 6,000 ce. Da 4 ne, 4,500. Kifi ɗaya tak ya kawar da 1,500. Saboda haka R da bai kai 7 ba, ba a gina magana a kansa. Akwai awo mai sauƙi: kuskuren ƙiyasi, kafin a ninka shi da 1.96, ya kan yi kusan 1 a raba da √R. Idan R ya kai 25, kuskuren kusan kashi 20 cikin 100 ne. Sai ya kai 100 kafin ya sauko zuwa kashi 10.

Wannan ne ke raba aikin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. A ce ruwa na ɗauke da kifi 200,000. Don a sami R na 25, sai M sau C ya kai miliyan 5, misali a yi wa 2,000 shaida, a duba 2,500. Ɗalibi ɗaya da kwale-kwalen haya ba zai iya wannan a dam irin na Zobe ko na Jibiya ba. Ko a Ajiwa, ko Sabke da Daberam na ƙasar Daura, sai da haɗin kan masunta da yawa. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi tafki ko kududdufin da ke riƙe ruwa har bazara, inda iyakarsa ke bayyane.

Sharuɗɗan da lissafin ya dogara a kansu

Na farko, wurin ya zama rufaffe tsakanin kamu biyun: babu shiga, babu fita, babu sabbin haihuwa da suka isa kamu. Akwai sassauci a nan da mutane da yawa ba su sani ba. Idan masunta suna ci gaba da su, kuma suna ɗibar masu shaida da marasa shaida daidai wa daida, lissafin bai ɓaci ba, sai dai amsar tana nufin yawan da ke nan ranar kamun farko. Abin da ke ɓata shi shi ne mutuwar da ta fi faɗa wa masu shaida. Don haka a kan ware kifi 20 daga cikin waɗanda aka yi wa shaida, a sa su a kejin raga cikin ruwan na kwana ɗaya ko biyu. Idan 2 suka mutu, a rage kashi 10 cikin 100 daga M.

Na biyu, shaida ba ta gogewa, kuma mai dubawa ba ya tsallake ta. A misalin karfasa, da huɗu cikin 24 sun zubar da alamarsu, R ya koma 20, amsar ta tashi zuwa 900. Maganin wannan shi ne shaida biyu a jikin dabba ɗaya. Yawan waɗanda suka dawo da guda ɗaya kacal shi zai nuna yadda alamar ke zubewa.

Na uku, kuma shi ya fi wahala: kowace dabba tana da damar kamuwa iri ɗaya. Ɓeran da ya shiga tarko ya ci tunkuza ya fita lafiya yakan koma gobe da gangan, R ya kumbura, amsar ta yi ƙasa da gaskiya. Kifin da ya sha wuya a birgi, wato ragar jefawa, kuwa yakan guje shi, R ya ragu, amsar ta yi sama. Ana rage wannan ta hanyar sauya kayan kamu: karon farko da gura, wato tarkon kifi, karo na biyu da dala, wato ragar ja, ko birgi. Kuma idan maza sun fi mata yawo, ko manya sun fi ƙanana kamuwa, a yi wa kowane rukuni lissafinsa daban sannan a haɗa.

Aikin kifi

Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Katsina shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙoramu sun daina kawo ruwa, tafki ya rufe kansa, kuma sanyi na rage wa kifi wahala a hannu. Da damina ruwa na haɗe tafkuna da fadamu, kifi na shiga yana fita, sharaɗin farko ya rushe. A bazara kuma zafi na kashe kifin da aka daɗe ana juyawa.

A fara da sarkin ruwa da mai gari, a kuma sanar da sashen kula da kifi na jiha. Masunta su san siffar shaidar, domin su ne za su riƙa cin karo da ita.

Kada a yi kamun farko da kalli, wato ragar da kifi ke maƙalewa a idonta, ko mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi. Kalli na ƙuje jiki yana raunata kifi a wuya, ƙugiya na yaga baki, kifin da aka saki a haka ba zai daɗe ba. Kalli kuma yana zaɓen girma ɗaya gwargwadon idon ragarsa. A tsayar da mafi ƙarancin tsawo, misali santimita 12, duk abin da bai kai ba a mayar da shi ba shaida ba rubutu, a duka kamu biyun. Karfasa na hayayyafa da sauri, wannan iyaka ce ke hana 'ya'ya shiga lissafi.

Shaida mafi araha ita ce a yanke ɗan kusurwar saman wutsiya da almakashi mai kaifi, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ɓangare ba. Yana tohowa cikin makonni, don haka ya dace da aikin 'yan kwanaki kawai. A yanke shi miƙe sak, don a bambance shi da yagewar da kifi ke samu a ruwa. Idan ana son sanin kowane kifi da lambarsa, akwai alamar roba mai lamba da ake harbawa da 'yar bindigarta a ƙarƙashin ƙayar baya, ta sarƙe tsakanin ƙasusuwa. Idan ba ta sarƙe ba, cikin tsoka kawai ta tsaya, za ta fita. A ɗan ja ta a hankali a ji ta kama.

Tarwaɗa da kurungu ba sa tsayawa a hannu, kurungu kuma ƙayarsa na soka. Man kanumfari yana kwantar da su: mililita 1 a gauraya da mililita 9 na sifirit, a zuba a ruwa lita 15 zuwa 20. Da kifi ya kishingiɗa a cire shi, a gama aiki cikin minti ɗaya, a sa shi a bokitin ruwa mai kyau har ya miƙe. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi. Kada a saki duka a gaɓa ɗaya, a rarraba su kewayen tafkin, a ba su kwana uku zuwa bakwai su gauraya, sannan kamun biyu ya taɓa ko'ina, har da wuraren da ba a yi na farko ba.

Aikin ɓeraye a gona

A nan ana amfani da tarkon akwati na goran ruwa, wato alminiyum, wanda ba ya kisa, irin na Sherman, mai tsawon kusan santimita 23. Gafiya ta fi ƙarfinsa, sai kejin waya. A jera tarko 49, layi 7 kowane layi 7, tazarar mita 10. A kafa turke mai lamba a kowane gurbi, layuka A zuwa G, gurabe 1 zuwa 7, don a san inda kowace dabba ta shiga.

Abin jan hankali shi ne tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli da aka cuɗa da garin masara, ɗan dunƙule a ƙuryar tarko. Cinnaka na iya cinye shi kafin tsakar dare, har su yi wa ɓeran da ke ciki illa, saboda haka a kauce wa bakin raminsu. A ɗana da magariba, a duba da asuba. Wannan ba abin sassauci ba ne: a watan Afrilu zafi a Katsina yakan haura digiri 40, akwatin ƙarfe a rana yana kashe abin da ke ciki cikin ɗan lokaci. A rufe tarkuna da rana. Jaɓa takan mutu a tarko ko da dare ne, don ba ta jure yunwa, a fara sakin ta.

Ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, kuma yana bazata ta fitsari da kashi. Safar hannu biyu, takunkumi, da rigar aiki da ba a shiga gida da ita wajibi ne. A juye dabba daga tarko zuwa jakar yadi, kada a zura hannu, domin kububuwa ma takan fake a irin waɗannan wurare. A wanke tarko da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye sosai don bilic na cin goran ruwa. Gonakin da ke kusa da dajin Rugu da sauran wuraren da ba lafiya, ba a kai wannan aiki can, tunda da duhu ake yin sa.

Don aikin kwana uku, a aske ɗan gashi a ƙugu da almakashi. Don aikin watanni, sai ɗan kunne mai lamba, ko ƙwayar lantarki mai tsawon milimita 12 da ake sa wa ƙarƙashin fata a karanta da na'ura. Tsohuwar al'adar yanke yatsa a bar ta.

Tunda dare uku ake yi, lissafin Schnabel na 1938 ya fi dacewa. Kowace safiya a ninka abin da aka kama da adadin masu shaida da ke fili kafin wannan dare, a tara, a raba da jimillar masu shaida da suka dawo. A ce daren farko an kama 18. Dare na biyu an kama 20, bakwai tsofaffi, 13 sabbi, masu shaida sun zama 31. Dare na uku an kama 22, 13 daga ciki tsofaffi. 20 × 18 da 22 × 31 sun tashi 1,042, a raba da 20 (tsofaffi 7 da 13), an sami 52. Filin kuwa ba mita 60 sau 60 ba ne kawai, domin tarkunan gefe na jawo na waje. Idan aka ƙara mita 5 kowane gefe ya zama kusan rabin hekta, wato ɓera kusan 106 a hekta. A faɗi faɗin da aka ƙara a rahoto, don yana sauya amsar ƙwarai. Idan kuma aka ga fiye da rabin tarkuna na cika kowane dare, tarkon ne ya yi kaɗan, a sa biyu a kowane gurbi.

Nawa ne ke rayuwa daga wata zuwa wata

Wannan tambaya ce daban, kuma tana bukatar kamu uku aƙalla da shaida mai lamba. Hanyar ta fito daga ayyukan Cormack a 1964 da Jolly da Seber a 1965. Abin da ta zo warwarewa shi ne, rashin ganin dabba ba ya nufin ta mutu.

Kowace dabba ana rubuta mata tarihi: 1 idan an kama ta, 0 idan ba a kama ba. A ce an yi wa 100 shaida a Janairu, aka koma a Fabrairu da Maris. Aka sami 15 masu tarihin 111, 25 masu 110, 15 masu 101, sai 45 masu 100. A Fabrairu 40 aka gani. Mai gaggawa zai ce kashi 40 ne suka rayu. Amma a dubi 30 ɗin da aka kama a Maris. Dukansu suna da rai a Fabrairu, ba makawa, amma 15 kawai tarko ya samu a lokacin. Ke nan tarko na kama rabin masu rai ne. To 40 ɗin da aka gani rabin 80 ne, kuma waɗanda suka rayu kashi 80 cikin 100 ne. Masu tarihin 101 su ne suka tona wannan, shi ya sa ba a wasa da karanta lamba: kuskure ɗaya na iya tayar da matacce ko ya kashe mai rai.

Abubuwa uku a kiyaye. Tazarar ƙarshe, daga Fabrairu zuwa Maris, ba a iya raba rayuwa da kamuwa a cikinta, don haka mai son sanin watanni shida ya shirya kamu takwas, na farko da na ƙarshe suna yi wa sauran hidima. Na biyu, dabbar da ta yi ƙaura ba ta dawo ba, lissafi na ɗaukar ta a matacciya. Bayan girbi, idan ɓeraye suka bar gona suka nufi rumbuna, za a ga kamar annoba ta faɗa musu alhali suna can sun ƙoshi. Na uku, kashi 80 a wata yana jin kamar da yawa, amma a ninka 0.8 sau shida ya koma kashi 26 a wata shida, a shekara bai kai kashi 7 ba. Kullum a faɗi tsawon tazarar tare da lambar.

Tsarin da ya fi riba shi ne wanda Pollock ya tsara a 1982: dare uku a jere kowane wata. Cikin dare ukun ana fitar da yawan da ke nan, tsakanin watanni ana fitar da rayuwa. Idan kamu ya wuce uku lissafin hannu ya ƙare, sai manhajar MARK da Gary White na Jami'ar Jihar Kolorado ya rubuta, kyauta ce, kuma waɗannan jerin 1 da 0 take karɓa.

Sauran dabbobi a taƙaice. Kunkuru ana goge masa ƴan tsaga a gefen ƙoƙon baya da zarto ƙarami, shaidar na shekaru. Fenti a jikin ƙadangare na tafiya da zarar ya yi saɓa. Zoben tsuntsu aikin wanda ya samu horo ne, irin wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos ke bayarwa, kuma ragar tsuntsu ba a barin ta fiye da minti 30 ba a duba ba. Dabbar da Allah ya yi wa zane a jiki kuwa ba ta bukatar kamu: raƙuman dawa na yankin Kure a Jamhuriyar Nijar da hoton zanen jikinsu ake gane kowane ɗaya, hoton farko ya zama shaida, na biyu ya zama sake kamu, lissafin bai sauya ba.

Takardar fili ta ƙunshi kwanan wata, gurbin tarko, irin dabba, lambar shaida, sabuwa ce ko tsohuwa, namiji ko mace, nauyi ko tsawo, da halin da aka sake ta. A rubuta da fensir, biro na narkewa a ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe dabba ya karanta lamba, na biyu ya maimaita da baki kafin ya rubuta. Duk wadda ta mutu a hannu a rubuta ta, a cire ta daga masu shaida, a ƙara ta a kan jimillar ƙarshe. Dararen da aka yi ruwa ko farin wata ya haska sosai a nuna su, domin ɓeraye kan rage fita a farin wata, kuma tarkon da aka tarar ya rufe ba kowa ciki a ƙirga shi daban da wanda ya kwana a buɗe.